Zuwa Legas da Iyali a Lokacin Hunturu: Yadda Za a Yi Zumunci, a Kuma Ga Gari

Tambaya: Malam, ni magidanci ne a Kano. Ina so in kai iyalina Legas a hutun Disamba, mu gaida yayana da ke Agege, yara kuma su ga teku. Kwana bakwai za mu yi. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya ba da ladan zumunci. Matsalar irin wannan tafiya ita ce, buri biyu ne aka cusa a jaka ɗaya: gaida dangi da ganin gari. In ba a raba musu kwanaki tun daga gida ba, cunkoson motoci ne zai cinye duka biyun.

Fara da yayanka. Disamba ne watan da Legas ta fi cika da baƙi, farashin masauki da na mota duk su hau. Gidajen haya a Agege kuwa ba irin namu ba ne masu zaure da tsakar gida. Ka faɗa masa adadinku da ranar zuwa da ranar komawa. In wurin ya yi kaɗan, kama ɗaki kusa da shi ba raini ba ne. Ka riƙo tsaraba mai rage cefane: gero, kuka, daddawa, kilishi. Baƙo raɓa ne, amma raɓar iyali guda tana jiƙa aljihun mai gida. Kwana biyun farko na dangi ne, kada a fita ko'ina.

Sai batun yanayi. Za ku baro Kano ana jin ɗumi da asuba, leɓe yana tsagewa, ku sauka inda zafin rana ke wuce digiri 30, iska kuma cike da laima. Gumi ba ya bushewa, shi ya sa ƙurajen zafi ke feso wa yara a wuya da baya. A sa musu kayan auduga marasa nauyi, a rage lafta man shafawa mai kauri, a yawaita wanka da shan ruwa mai tsabta. Sauron da sanyi ya rage muku a gida yana nan a Legas duk shekara, don haka a tafi da gidan sauro. Duk yaron da ya yi zazzaɓi, can ko bayan dawowa, a kai shi gwaji. Rigunan sanyi kuma a ajiye su a saman jaka, domin daren komawa.

Wajen yawo, ƙa'ida ɗaya ce: wuri ɗaya a rana. A ranakun aiki, motoci na tururuwa zuwa tsibirin Legas da safe, su juyo da yamma. Ku fita bayan hantsi, ku kamo hanyar gida kafin la'asar.

Rana ɗaya ku ba Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Nan aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Yaron Kano da ya saba jin sunan a asibiti da filin jirgi zai tsaya gaban hudar harsashi, ya gane cewa mutum ne ya taɓa zama a wannan kujera. Dandalin Tafawa Balewa, inda aka yi bikin 'yancin kai a 1960, yana nan kusa. Wata ranar ku je gandun dajin Lekki, mai gadar sama da ta kai tsawon mita 401. A tambayi ƙa'idar shekaru kafin a hau da ƙanana, a kuma ɓoye abinci, don biran wurin ba su da kunya.

Teku kuwa, nan nake so ka fi kasa kunne. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko madatsar ruwan Tiga bai san Atlantika ba. Igiyar ruwa in ta bugi gaɓa, ruwan yakan koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin da ke jan babban mutum. Abin yaudarar shi ne, wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido, ba kumfa, ba tashin igiya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ku zaɓi bakin teku mai masu ceto, kada ruwa ya wuce idon sawun yara, kowane yaro da babban da ke riƙe da hannunsa. Mai ɗaukar hoto kada ya juya wa teku baya.

Ranar ƙarshe ka bar ta babu fita. A zauna a ci tuwo da yayanka, yara su san 'yan'uwansu. Teku na nan baɗi, amma zumunta a ƙafa take, kuma dominta ka taka.