Ƙarfe Iri Huɗu Ne

Kowane Bahaushe mazaunin Agege ya san hazon hunturu. Wajen watan Disamba yakan sauko daga Arewa, ya lulluɓe tashar jirgin ƙasa da rumfunan 'yan goro. Amma kaɗan ne suka san akwai ƙarfe cikin ƙurar nan, har masana na iya shaida shi ko ya faɗa tsakiyar teku. Ga yadda abin yake.

Ƙarfe tarin ƙwayoyi ne ƙanana ainun, waɗanda ido ba ya gani. Iri huɗu ne, halinsu ɗaya, nauyi kaɗai ya raba su. Masana na kiransu isotof, sun ba su lamba bisa ga nauyinsu, watau 54, 56, 57 da 58. Cikin ƙwaya ɗari, wajen 92 masu lamba 56 ne, 6 masu 54, 2 masu 57. Mai 58 kuwa ko ɗaya ba ta cika ba.

To, in ƙarfe ya narke a ruwa, ko ya shiga jikin tsiro ko dabba, sai rabon nan ya ɗan goce. Gociyar ba ta da yawa, amma tun wajen 2000 akwai injin da ke auna ta daidai. Ita ce alamar da ke nuna inda ƙarfe ya fito.

Da wannan awo ne waɗansu masana suka nuna a 2014 cewa yawancin ƙarfen da ke narke a arewacin tekun Atlantika ƙurar Sahara ce ta kai shi. Da shi ƙananan tsirran teku ke rayuwa, su kuwa su ne tushen abincin kifi.

Likitoci ma sun amfana. Sukan zuba ɗan ƙarfe mai lamba 57 cikin abincin yaro, bayan mako biyu su auna jininsa, su ga nawa jiki ya sha. Ta haka ake gane abincin da ke maganin ƙarancin jini ga yara da mata masu ciki.

Malami, in za ka koyar da darasin nan, sa yara su ja maganaɗisu cikin busasshen yashi, su duba baƙin garin da ya manne. Ka gaya musu duk iri huɗun suna ciki, amma maganaɗisu ba ya rarrabe su, sai awo.