Wa Ake Gaisarwa, Kai Ko Kujerarka?



Darasinmu na yau na ma'aikata ne: na gwamnati da na kamfani, shugaban makaranta, akawu, har da mai gadi. Duk wanda wani ke jiran ya sa masa hannu a takarda, ko ya tura masa fayil gaba, ko ya buɗe masa ƙofa, to yana riƙe da iko, komai ƙanƙantarsa.

Bayan Babbar Sallah na je gaida wani dattijo maƙwabcina da ya yi darakta, yanzu shekararsa biyu da ritaya. Na same shi shi kaɗai a falo. Ya ce mini: "Malam, da a irin wannan lokaci raguna biyar za ka gani a ƙofar gidan nan, ban sayi ko ɗaya ba. Bana da kuɗin fansho na yi layya. Wayar nan da ba ta hutawa, yanzu sai in ɗauka in duba ko lalacewa ta yi." Ya yi dariya ya ce, "Ashe kujera suke gaisarwa."

Na ce, "Alhaji, ba wanda ya zo?" Ya ce mutum biyu: tsohon direbansa, da wani ƙaramin ma'aikaci da ya taɓa fitar masa da ƙarin girman da aka danne masa, alhali bai ma san shi ba.

Wannan hira ta tuna mini da hadisin Abu Humaid As-Sa'idi da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Annabi (SAW) ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya raba kayan biyu, ya ce kashi ɗaya na zakka ne, ɗayan kuma kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mimbari ya yi tambayar da har yau take aiki: me ya hana shi zama a gidan iyayensa, ya ga ko za a kawo masa kyautar? Sannan ya yi gargaɗi cewa wanda ya ci irin wannan zai zo ranar Alƙiyama ɗauke da shi a wuyansa, ko raƙumi ne, ko saniya, ko akuya.

To ga ma'auni ya samu. Kafin ka karɓi buhun shinkafa ko "na goro", tambayi kanka: da ba na kan wannan kujera, zai kawo? In amsar a'a ce, kayan ba naka ba ne. Shi ya sa Umar ɗan Khaɗɗab (RA) yakan sa a rubuta dukiyar wanda ya naɗa gwamna tun farko, don a gane abin da ya ƙaru daga baya.

Akwai wani iko kuma da ba a rubuta shi a takardar kama aiki: kusanci da oga. Ka san irin mutumin, ɗan gaban goshi, wanda in ya faɗa an ji. Wani matakinsa bai wuce na 7 ba, amma mai mataki na 15 yana shakkarsa. Shari'a ba ta hana amfani da wannan kusanci ba. Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da sahabbai su riƙa sa baki don mabuƙaci ya samu biyan buƙata, ya ce akwai lada. Amma akwai iyaka. Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka nemi wanda zai iya tunkarar Annabi (SAW), suka tura Usama ɗan Zaid (RA) saboda sun san irin son da yake masa. Annabi (SAW) bai karɓi wannan sa bakin ba, ya kuma bayyana cewa hukunta mai rauni da ƙyale mai daraja shi ya halaka al'ummomin baya.

Ke nan ka sa baki don wanda aka danne ya samu haƙƙinsa, wannan ibada ce. Ka sa baki don a rufe laifin ɗan garinku, ko a tsallake wanda ya cancanta a ba ɗan yayanka, ko ka kai gulmar abokin aiki don a yi masa canjin wurin aiki, wannan zalunci ne ko da kowa na yi.

Kai kuma ɗan'uwa akawu, kada ka ce darasin na manya ne. Matar da mijinta ya rasu, take zirga-zirgar neman haƙƙinsa, kana ce mata "a dawo gobe" alhali fayil ɗin yana cikin durowarka, a wurinta kai ne gwamna. Kuɗin motar da ta ciwo bashi ta zo, za a tambaye ka.

Ba ina cewa a guji muƙami ba. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ba shi kula da taskokin Masar, saboda ya san yana da sani kuma zai tsare. Abu Zarr (RA) kuwa ya nema, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa yana da rauni a wannan fage, kuma abin amana ne. Iya aiki da riƙon amana, su ne sharaɗi.

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya, a mafi yawan ma'aikatu, in ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, zai miƙa makulli. Wani ma ajali ba zai bar shi ya kai ba. Ranar nan masu raguna za su koma ƙofar wanda ya gaje ka. Masu zuwa gaishe ka, da masu yi maka addu'a bayan ka kwanta dama, su ne irin direban Alhaji da ƙaramin ma'aikacin nan.

Gobe in ka shiga ofis, duba teburinka. Fayil ɗin wa ya fi daɗewa a kai? Fara da shi.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, Ya tsare mu da cin haƙƙin bayinSa. Wallahu a'alam.