Kada Girbi Ya Hana Yaro Lakkwal

Ya ɗan'uwa, a watan Oktoba ake buɗe lakkwal, daidai lokacin yankan hatsi, kai kuwa kana bukatar yaronka a gona. Amma ka tuna, gonar nan ba za ta ishi ɗiyanka duka ba in an raba ta. Waɗansunsu za su tafi neman abinci Yamai, ko Kano, ko Abijan. Can, wanda bai iya karatu ba yakan dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

A 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Saboda haka ka bar yaron ya tafi lakkwal, shi da ƙanwarsa. Da dare ka sa su karanta maka. Allah shi ba mu hikima.