Darasi Na 14: Yini Ɗaya A Gidan Rediyo

An buɗe gidan rediyon Kaduna a shekarar 1962. Ya yi suna da shirye-shirye irin su Jakar Magori da wasan Samanja.

Gidan rediyo kamar kasuwa yake, kowane kaya da rumfarsa. Da asuba akan fara da karatun Alƙur'ani, sannan labarun duniya. Da hantsi akan yi wa mata magana a kan goyo da rigakafin ƙyanda. Da rana akwai gaishe-gaishe.

Shirin manoma shi ne ya fi shafarmu. Malamin gona zai faɗi lokacin shuka, da yadda ake sa taki, da maganin ƙwarin da ke cin wake a rumbu. Amma maganar rediyo ba ta jira. In ta wuce, ta wuce, ba ka ce wa akwati, "Maimaita." Wanda ya tsaya hira a dandali, sai ya ji a bakin wani, sau da yawa kuwa an rage rabi.

Gobe kowa ya zo da sunan shiri ɗaya a rubuce, da ƙarfe nawa aka fara shi.