Nicol David, Gwanar Wasan Sikwash

Sikwash wani irin wasan ƙwallo ne da a kan yi cikin ɗaki mai bango huɗu. Mutum biyu ke yinsa, kowa da abin bugu mai kama da matankaɗi, amma da dogon mariƙi. Ƙwallon kuwa na roba ne, bai kai ƙwan kaza girma ba. Wannan ya doka shi jikin bango, wancan ya rama. Wanda duk ya bari ƙwallo ya taɓa ƙasa sau biyu kafin ya buga, an ci shi ke nan. Wasa ne na masu zafin nama da dogon numfashi.

Cikin matan da suka shahara a wannan wasa, da wuya a sami kamar Nicol David. An haife ta a Penang, ƙasar Malesiya, cikin 1983. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa ta fara bin yayyenta mata biyu wurin wasa. Cikin 1999 ta cinye gasar 'yan mata ta duniya, ta kuma sake cinyewa cikin 2001.

Amma duniya ba ta tafiya daidai kullum. Cikin 2002, a wasannin ƙasashen Asiya, mutanen ƙasarta duk sun sa rai za ta ciwo musu lambar zinariya, sai wata 'yar Hong Kong, Rebecca Chiu, ta ka da ita a wasan ƙarshe. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, har ta ajiye wasa na ɗan lokaci.

Da hankalinta ya kwanta, sai ta ga akwai sauran koyo a gabanta. Cikin 2003 ta bar iyayenta, ta tafi birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wurin wata malamar wasa mai suna Liz Irving, mutuniyar Ostareliya. Malamar ta yi ta gyara mata bugu da tafiyar ƙafa, sai ka ce sabuwar shiga. Nicol ba ta yi girman kai ba, ta daure.

Mahaƙurci mawadaci. Cikin 2005 ta cinye babbar gasar duniya, kafin ƙarshen 2014 kuwa ta cinye ta sau 8. Daga Agusta 2006 ita ce ta ɗaya cikin matan duniya, shekara 9 cur ba wadda ta ture ta, sai cikin Satumba 2015 Raneem El Weleily, 'yar ƙasar Masar, ta karɓi matsayin.

Nicol ta bar wasa cikin 2019. Bayan haka ta kafa ƙungiya a Malesiya don koya wa yara sikwash da Turanci. Da ta yi zuciya ranar da aka ka da ita, da labarinta ya ƙare tun tana 'yar shekara 19.

Tambayoyi

1. Yaya ake wasan sikwash?
2. Me ya sami Nicol cikin 2002?
3. Don me ta tafi Amsterdam?
4. Mene ne ma'anar "mahaƙurci mawadaci"?