YADDA ZA A CECI TSOFAFFIN KASET-KASET NA BIDIYO DA KUƊI KAƊAN

Darasi domin Hakimai da Magatakardansu na ƙasar Gaya da Ajingi

1. Dalilin wannan takarda

An rubuta wannan takarda ne domin a faɗakar da hakimai da magatakardansu bisa wata dukiya da ke lalacewa cikin gidajen jama'a ba da sanin masu ita ba, watau tsofaffin kaset-kaset na bidiyo. Tun daga wajen 1985 har zuwa bayan shekara ta 2000, ba wani babban sha'ani da a kan yi ba a kirawo mai ɗaukar bidiyo ba, ko naɗin sarauta ne, ko hawan salla, ko saukar karatu, ko ɗaurin aure, ko taryen alhazai. A wannan zamani ne kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da wasan Turmin Danya a 1990, sana'ar bidiyo ta bunƙasa, akwatin bidiyo ya shiga garuruwa da ƙauyuka.

To, waɗannan kaset-kaset suna nan jibge cikin adaka da ƙarƙashin gado a Ajingi da Toranke da Balare da Gafasa da Kunkurawa da sauran garuruwa. Cikinsu akwai fuskokin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, da muryoyinsu, da kirarin da maroƙa suka yi musu, da tsarin zaman fada. Duk kaset ɗin da ya ɗauko marigayi Sarkin Gaya Alhaji Ibrahim Abdulƙadir, wanda ya rasu a 2021, yana jawabi ko yana bisa doki, in ya lalace ba za a sake samun irinsa ba har abada. Har wa yau tsarin masarautu ya sauya a 2019, ya sake sauyawa a 2024, inda aka bar masarautar Gaya da ƙananan hukumomi uku, watau Gaya da Ajingi da Albasu. Sa'ad da tsari ya ke sauyawa haka, sai darajar shaidar abin da ya gabata ta daɗa ƙaruwa, gama gani ya kori ji.

2. Abin da ke kashe kaset

Zaren kaset leda ce siririya, faɗinta rabin inci, an shafe fuskarta da garin maganaɗisu wanda aka liƙa da wani irin danƙo. A jikin wannan gari ne hoto da murya su ke kwance. In damina ta yi, danƙon ya kan sha laima ya yi laushi, fumfuna kuma ta hau zaren ta yi fari-fari kamar toka. In bazara ta yi, zafin ɗakin kwano ya kan sa zaren ya miƙe ko ya manne da juna. In hunturu ya zo, ƙura ta shiga ta karce shi. Masana harkar ajiya su kan ƙiyasta cewa kwanan kaset shekara goma ne zuwa talatin, gwargwadon kyawun ajiyarsa. Ke nan yawancin namu sun riga sun ci kwanansu, rance su ke ci.

Matsala ta biyu ta fi wannan tsanani, ita ce ta akwatin da zai karanta kaset ɗin. Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da samfurin VHS a 1976. Kamfanin Funai kuwa, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera akwatin bidiyo a duniya, ya daina a watan Yuli na 2016. Daga ran nan ba sabo, sai dai tsofaffin da suka rage, su kuma kullum raguwa su ke yi, masu gyaransu suna tsufa. Saboda haka ne hukumar UNESCO ta yi shela ga ƙasashen duniya a 2019, cewa a gaggauta juye abin da ke bisa zaren maganaɗisu tun akwai injin da zai karanta shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Magani ɗaya ne, a juye hoton da muryar su koma fayil na kwamfuta. Fayil ana iya kwafarsa sau dubu ba ya dusashewa, ba kamar kaset ba, wanda kowane juyi ya kan rage masa haske.

3. Kayan aiki

Kada kowane gida ya ce zai sayi nasa kayan, wannan ɓarnar kuɗi ce. Kaya ɗaya sun ishi gunduma guda. Ga abin da a ke bukata:

(a) Akwatin bidiyo mai lafiya. Kafin a saya a fara cigiya, gama akwai su ajiye a gidajen attajirai, da makarantu, da wurin tsofaffin masu ɗaukar biki. In an sami biyu ya fi, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. In ba a samu aro ba, a nemi na hannu wajen masu gyaran rediyo da talabijin a Gaya ko Wudil, ko kasuwar Sabon Gari a Kano. Kada a biya sai an gwada shi da kaset marar amfani.

(b) 'Yar na'urar juyi. Ba ta fi ɗan yatsa biyu girma ba. Gefe ɗaya tana da bakin USB mai shiga kwamfuta, ɗaya gefen kuwa wayoyi uku, rawaya ta hoto, fara da ja na murya. Masu sayar da kayan kwamfuta a titin Beirut a Kano sun san ta da sunan EasyCap, ita ce kuma mafi araha cikin kayan duka. Da ya ke akwai jabu da yawa, a sa mai sayarwa ya gwada ta a gaban mai saye.

(c) Kwamfutar tafi-da-gidanka. Ba lalle sai sabuwa ba, ta ofis ta isa.

(d) Manhajar ɗauka. Akwai wadda a ke kira OBS Studio, da VLC ta kallo, dukansu kyauta ne a intanet. Kada a yarda wani ya sayar da su.

(e) Rumbun ajiya na kwamfuta guda biyu, irin wanda a ke jonawa ta waje. In an daidaita ɗauka bisa gigabait 3 kowace sa'a, kaset mai lamba E-180, wanda ke cin sa'a uku, zai ci gigabait 9. Ke nan rumbu mai terabait 1 zai ɗauki kaset ɗari har da 'yan kai.

(f) Wuta tsayayya. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, zaren ya kan maƙale cikin akwati. Akwatin bidiyo ba ya cin wuta da yawa, saboda haka ƙaramar sola mai batir ta fi janareta, wanda wutarsa ke hawa da sauka.

A lura kuma, kaset iri-iri ne. Nijeriya tana bin tsarin talabijin da a ke kira PAL, Amurka NTSC, Jamhuriyar Nijar kuwa SECAM. Kaset ɗin da aka ɗauko a Maraɗi ko Damagaram ya kan fito ba launi a akwatin PAL, kada a zaci ya lalace, akwati mai karanta tsari da yawa ya ke so. Ƙaramin kaset na VHS-C ana sa shi cikin wani gida mai siffar babban kaset, sa'an nan ya shiga akwati. Amma Video8 da Hi8 da MiniDV ba su shiga ko kaɗan, sai an nemo irin kyamarar da ta ɗauke su.

4. Aikin hakimi

Ba mai iya tara wannan dukiya sai wanda jama'a suka amince da shi. Hakimi ya aika wa dagatai da masu unguwa su yi shela a masallatai da kasuwa, cewa duk mai tsohon kaset ya kawo fada, za a juye masa a mayar masa da abinsa. Ya ware ɗaki mai sanyi, marar yoyo, mai kulle. Ya zaɓi saurayi ɗaya ko biyu masu sanin kwamfuta, waɗanda an san iyayensu da halinsu. Kuɗin kaya kuwa a haɗa ta hanyar gudummawar masu hali da ƙungiyoyin ci gaban gari, a karanta lissafinsa a bainar jama'a. In an ga dama a yanka wani abu kaɗan bisa kowane kaset na biki, amma na sha'anin jama'a a juye shi kyauta.

Juyi ba shi da gajeriyar hanya, kaset na sa'a uku sa'a uku zai ci. In ana juye biyu kowace rana, kwana biyar a mako, kaset ɗari zai ci mako goma. Domin haka sai a jera su bisa daraja: a fara da wanda ba shi da na biyu a duniya, kamar naɗi da hawa da jawabin dattawa da tafsirin malaman gari, sa'an nan na bukukuwan gidaje. Finafinan Indiya da na kasuwa su zauna a ƙarshe.

5. Aikin magatakarda

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. Hoton da ba a san ko su wane ne cikinsa ba, ko wace shekara ce, rabin amfaninsa ya tafi. Magatakarda ya buɗe littafin rajista mai gida bakwai: lambar kaset, sunan mai shi, garinsa, abin da aka ɗauka, shekara, wanda ya ɗauka, da halin da kaset ya zo ciki. Ya rubuta lambar a jikin kaset da kwalinsa, ya ba mai shi rasit. Abin da ke rubuce a jikin kaset tun asali a kwafe shi yadda ya ke, ko da boko ne ko da ajami.

Bayan an juye, a gayyato dattawa biyu ko uku a kunna musu. Duk inda suka shaida wani, magatakarda ya rubuta minti da suna, misali, "Minti 14, mai farin rawani a dama, dagacin gari kaza." In ba a tuna shekara ba, a tambaya wane ne hakimi a lokacin, ko wane ne gwamna, ko kuwa salla ta faɗo cikin damina ne ko rani. In dattawa sun saɓa, a rubuta maganar kowa da sunansa, kada magatakarda ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi. Wannan aiki ya fi juyin kansa gaggawa, gama dattijon da zai shaida fuskokin 1990 ba lalle ne a same shi baɗi ba.

6. Yadda a ke juyi

Na fari, a duba zaren ta tagar kaset. In an ga fari-fari na fumfuna, ko ana jin warin laima, kada a sa shi cikin akwati, gama zai ɓata kan injin ya kuma shafa wa sauran. A ware shi cikin leda, a kai wa gwanin gyara daga baya.

Na biyu, a ɓalle ɗan harshen roba da ke bayan kaset. In an ɓalle shi akwati ba zai iya ɗaukar wani abu bisa tsohon hoto ba, ko da an taɓa maɓalli bisa kuskure.

Na uku, a tura zaren har ƙarshe, a komo da shi farko, domin ya saki jikinsa bayan dogon kwanci.

Na huɗu, a jona wayoyi uku daga mafitar akwati zuwa na'urar juyi, kowace da launinta. A cikin manhaja a zaɓi PAL, girman hoto 720 da 576, hoto 25 kowace daƙiƙa. Neman girman da ya fi haka ba ya ƙara kyau, sai cin wuri.

Na biyar, a gwada minti biyu a kalla. A tabbata akwai murya, kuma baki da magana suna tafiya tare. In layuka suna gilmawa, a daidaita da maɓallin da aka rubuta wa Tracking.

Na shida, a fara ɗauka a kwamfuta kafin a kunna kaset, mai aiki kuwa ya zauna wurin har ƙarshe. In ya ji ƙara ko hoto ya tsaya, ya kashe nan da nan kafin akwati ya tauna zare. Kada a yanke kome daga fayil na asali, ko da wurin ya yi duhu.

Na bakwai, a sa wa fayil suna daidai da rajista, misali "AJ-014 1998 Toranke saukar karatu".

In hoto ya soma yin dusa-dusa, kan injin ne ya yi dauɗa. A goge shi a hankali da farar takarda da aka jiƙa da sifirit, ba da auduga ba, gama zaren auduga ya kan karya shi.

7. Ajiya da amana

Ka'idar masu ajiya ita ce kwafi uku, ɗaya daga cikinsu a wani gari dabam. Rumbu ɗaya ya zauna a ofishin hakimi, na biyu a fadar Gaya, mai kaset kuma a ba shi nasa a filashi ko memori. Sau ɗaya a shekara a kunna rumbunan a duba, bayan kamar shekara biyar a kwashe zuwa sabo. Abin da aka tura ta WhatsApp ba ajiya ba ne, gama matse hoton ya ke yi ya rage masa kyau. Tsohon kaset kuma kada a yar. A ajiye shi tsaye kamar littafi, nesa da lasifika da rana da ƙasa. Wanda ya shafi tarihin ƙasa, in mai shi ya yarda, a kai kwafinsa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, ko Arewa House a Kaduna.

Kada a raina abin da aka ajiye. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi cikin ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a birnin Berlin na Jamus a 2018. Da an zubar da shi, da shi ke nan.

Daga ƙarshe, kaset ɗin biki sirrin gida ne, akwai matan aure cikinsa da 'ya'yan mutane. Kada a kalle shi cikin taro, kada a ba wani kwafinsa, kada a sa shi a Facebook ko TikTok, sai da iznin mai shi a rubuce. In gida sun fi so, mace ta zauna wurin juyin nasu. Ran da hoton gida ɗaya ya fita ba izni, ran nan jama'a za su daina kawowa, aikin kuwa ya mutu. Hakimi shi ne mai riƙon wannan amana. Allah ya ba da ikon cika ta, amin.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa uku da ke lalata zaren kaset a ƙasarmu.
2. A wace shekara aka daina ƙera akwatin bidiyo, me ya sa wannan ya shafe mu?
3. Gunduma tana da kaset 60 masu sa'a uku uku. In ana juye biyu a rana, kwana biyar a mako, mako nawa aikin zai ci, gigabait nawa kuma a ke bukata?
4. Zana gidaje bakwai na littafin rajista.
5. Me magatakarda zai yi in dattawa biyu sun saɓa bisa sunan wani da ke cikin hoto?