Matsalar Tafiyar Ruwa a Bututun Ɗumama Gidaje

Gabatarwa

A ƙasashe masu tsananin hunturu, kamar arewa maso gabashin Amurka da sassan Kanada, sanyi yakan kai ruwa ya daskare, don haka ɗumama gida lamari ne na tsira da rai. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi ita ce zagaya ruwan zafi cikin bututu a gindin bangon ɗakuna. Wannan darasi zai duba dalilan da ke hana ruwan gudu sosai, da yadda ake gano su ta amfani da ƙa'idojin fizis na makarantar sakandare.

Yadda Tsarin Yake Aiki

Akwai tukunya wadda ake hura wa wuta da gas ko mai, tana ɗumama ruwa har zuwa wajen digiri 82 a ma'aunin Salsiyas. Wani ƙaramin famfon lantarki ke tura ruwan cikin bututun jan ƙarfe, wanda aka jera wa siraran faifan alminiyam kamar na lagireton mota. Iska mai sanyi tana shiga ta ƙasa, ta ratsa faifan, ta ɗumama, ta tashi sama. Ruwan kuma ya bi ɗaki bayan ɗaki, sannan ya koma tukunya. Da'ira ce rufaffiya, ruwa ɗaya ke ta kewayawa.

Famfon ba ɗaga ruwa sama yake yi ba. Nauyin ruwan da ke saukowa yana daidaita nauyin wanda ke hawa, tamkar guga biyu cike da ruwa a bakin igiya ɗaya bisa kura. Aikin famfo kawai shi ne rinjayar gogayya tsakanin ruwa da bututu. Saboda haka ƙarfinsa kaɗan ne, cikas kaɗan kuma yana iya tsayar da shi.

Abin da Lissafi Ya Nuna

Ana bukatar kimanin jul 4,200 don ɗaga zafin kilogiram 1 na ruwa da digiri 1. Idan lita 15 na wucewa a minti guda, wato kilogiram 0.25 a daƙiƙa, ruwan kuma ya fita da digiri 82 ya dawo da 71, to zafin da ya bari a ɗakuna shi ne 0.25 × 4,200 × 11, wato wat 11,550.

In gudun ruwan ya ragu da rabi, kowace lita za ta daɗe a hanya, bambancin zafin fita da na dawowa zai kusan ninkawa. Ɗakin farko zai yi ɗumi, na ƙarshe kuwa ya yi sanyi. Wannan ita ce babbar alama: bututu mai zafi a mafita, mai ɗan ɗumi ko sanyi a madawa.

Dalili na Farko: Iska

Iska ce ta fi yawan jawo matsala. A shekarar 1803 masanin kimiyya na Ingila William Henry ya nuna cewa yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana ƙaruwa da ƙaruwar matsi. Haka kuma ruwan zafi bai riƙe iska kamar ruwan sanyi. Don haka idan ruwa ya ɗumama, ya kuma hau bene inda matsi ya ragu, iskar takan fita ta taru a ƙololuwar bututu. A nan ma'aunin guga biyu ya ɓaci, domin wani ɓangare ya zama iska, famfon kuma ba shi da ƙarfin ɗaga ruwan. Alamarta ita ce ƙarar gulgul a cikin bututu.

Maganinta shi ne buɗe ɗan bawul ɗin fitar da iska har ruwa zalla ya fito. In hakan bai wadatar ba, sai a rufe hanyar komawa tukunya, a buɗe magudana, a tura sabon ruwa da ƙarfi ya kori iskar, da'ira ɗaya bayan ɗaya.

Dalili na Biyu: Ƙarancin Matsi

Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da matsi na kusan kilofaskal 100. Gidan da bututunsa na sama ya kai mita 6 bisa tukunya yana bukatar kilofaskal 60 kafin ruwa ya isa can. Shi ya sa a gidaje masu hawa biyu akan cika tsarin zuwa wajen kilofaskal 83 yana sanyi. In ma'auni ya nuna ƙasa da haka, akwai yoyo ko bawul ɗin ciko ya lalace.

Ruwa yana kumbura da kusan kashi 3 cikin 100 daga sanyi zuwa digiri 82, saboda haka akan haɗa wani tanki mai iska a ciki don ya karɓi ƙarin. In tankin ya lalace, matsi zai hau har bawul ɗin kariya ya zubar da ruwa a wajen kilofaskal 207. Da tsarin ya huce, sai matsin ya faɗi.

Sauran Dalilai

Famfo yana iya cijewa bayan ya yi watannin zafi ba ya aiki. Bawul ɗin lantarki mai buɗe wa kowane sashen gida ruwa yana iya maƙalewa. Tsatsa kuma tana taruwa ta zama baƙin laka mai toshe hanya, yawan ƙara sabon ruwa yana daɗa ta, domin yana kawo sabuwar iskar oksijin. Idan gida yana da da'ira biyu, ruwa ya fi bin gajeriyar, sai a ɗan matse bawul ɗinta don doguwar ta samu rabonta.

Haɗari mafi girma shi ne ruwa ya tsaya a bututun da ke jikin bangon waje. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, bututun yana iya fashewa ya malale gidan.

Tsarin Bincike

Gwani yana farawa da abu mai sauƙi. Zai karanta ma'aunin matsi, ya saurari bututu, ya auna zafin fita da na dawowa, ya duba ko sashe ɗaya ne ya yi sanyi ko gida duka. In sashe ɗaya ne, zargi yana kan iska ko bawul ɗin sashen. In duka ne, sai a duba famfo da matsi. Kafin a kwance wani abu, wajibi ne a kashe wuta a bar ruwan ya huce, domin ruwa mai digiri 82 yana ƙona fata nan take.

Gwaji da Tambayoyi

Malami zai iya ɗora tukunyar ruwa a wuta. Ƙananan kumfa da ke bayyana a jikinta tun kafin tafasa, iskar da ta narke ce ke fita. Irin wannan toshewar iska ce kan hana ruwa saukowa daga tankin sama bayan ya ƙare an sake cika shi.

1. Lissafa zafin da ake samu idan lita 9 na wucewa a minti guda, bambancin zafi kuma digiri 11 ne.
2. Wane matsi ake bukata don ruwa ya kai tsayin mita 9?
3. Me ya sa iska ta fi taruwa a bene na sama?